Shekarar da Aka Ɗaure Baban Tani

Ranar kasuwar Makarfi ce, a kakar rake ta shekara ta biyu da samun 'yancin kai. Ni da ƙawata Tani muna tsugune a bakin fadama muna lasar kumfar mazarƙwaila, doki yana ta kewaya injin matse rake, sai ga 'yan doka biyu bisa kekuna. Suka ɗaura wa mahaifinta, Jatau, igiya a ƙugu, ludayin juya ruwan rake yana hannunsa. Wai shi ya cinna wa gonar wani attajiri wuta. Tani ta bi su da gudu har ƙaya ta tsayar da ita.

Jatau Bamaguje ne daga wajen Ikara, abokin sana'ar Babanmu, darni ɗaya ya raba gidajenmu. Tare da Tani muke zuwa rafi, tare muke kalar gyaɗa da korar tsuntsaye a gonar dawa, in mun gaji mu zube gindin ɗorawa mu yi carafke. Idan na tafi makarantar allo, a bakin zaure take jirana da ɗinya a bakin zane. Ban san akwai abin da ya bambanta mu ba sai da aka shiga kotu. Babanmu ya shaida cewa ranar gobarar suna tare, aka ce abokin cin riba ba ya shaida. Jatau ya nemi ya rantse, aka ce rantsuwar wanda ba ya salla ba ta da nauyi. Aka wuce da shi gidan yari a birni.

Babanmu bai haƙura ba. Shi da Malam Iro na makarantar firamare da Inna Delu mai fura suka haɗa 'yar ƙungiya a zaurenmu, ko suna ba ta da shi. Aikinsu su yi gayya a gonar duk wanda aka ɗaure, su kai masa abinci, su ɗaukaka ƙara. Mu yara mu ke kai wa 'yan gayya kunu, mu taya Inna Delu dakan ƙulli. Mutane suka riƙa yi musu ba'a, har wani ya tare Inna Delu a rijiya ya ce mene ne nata a ciki. Ta ce, "Ɗan nan, zalunci ba ya tambayar addininka kafin ya shigo maka gida."

Malam Iro ya yi ta zarya a keke har damina ta wuce, sannan babbar kotu ta wanke Jatau. Ya dawo ƙafafu a kumbure, yana tari. Babanmu ya riƙe hannunsa ya ce, "Ka yafe mana, mun makara." Jatau ya ce, "Kun dai zo." Bai ga wata kakar ba. Mahaifiyar Tani ta kwashe 'ya'yanta zuwa wajen danginta bayan Kudan, ban sake ganin Tani ba. Ƙungiyar ta fito da wani makiyayi daga gidan yari bayan haka, ta watse da aka yi wa Malam Iro canjin wurin aiki.

Yanzu ina jin matasa a rediyo, 'yan ƙungiyoyi masu lauyoyi da motoci, suna shiga gidajen yari suna fito da mutanen da aka manta da su. Nakan sa musu albarka, in tuna mutum uku da kekensu guda. Allah ya sa su riƙa isa da wuri.