Sukarin sata

Watanni sun shuɗe da abin nan, amma har yau bai sake ni ba. Abin haushin kuwa, duk wanda na ba labarin dariya yake yi. Ni ma wani lokaci nakan fara dariyar, sai in kasa ƙarasa ta.

Inna ba tsohuwa ba ce. Shekarunta arba'in da ɗoriya, sana'arta matsar man gujiya da suyar ƙuli a gidanmu nan Dakoro, kuma shayi ne abokin aikinta. Wurin wasu Buzaye da suka taɓa zama maƙwabtanmu ta koye shi, ta zo ta fi su nauyin hannu wajen zuba sukari. Da ta fara rama, ga ƙishirwa, ga zaryar ban-ɗaki, sai muka ɗora wa zafi laifi. Zafi ya wuce, abin bai wuce ba. Ni na raka ta asibiti, don ni ce na yi lakwal, wato boko, har na kai lise, babbar sakandare, ni ce kunnen gidan in za a yi faransanci.

Madam ɗin da ta duba ta, ma'aikaciyar asibitin, ta soki yatsarta, ta kalli ɗan injin da ke hannunta, ta kalli Inna, ta ce ciwon sukari ne. Ta yi dogon bayani, rabi Hausa rabi faransanci, amma ni tun daga kalmar farko kunnena ya toshe. Muna da wata gwaggo a Korahane da ciwon nan ya fara cin yatsan ƙafarta, ya ci ƙafar, sannan ya ci ta. Ita nake gani a kan kujerar. Abin da na fito da shi daga ɗakin: ƙwayoyin da za a sha kullum da safe, lambar wayar madam, da magana ɗaya da ta kafe mini a kai, cewa sukari ne zai kashe Inna.

Ita kuwa a kan hanya cewa ta yi, "To ai an huta da saye. In an dama kunu sai in riƙa tsoma yatsana ciki."

Ban yi dariya ba. Ina shiga gida na hau aiki. Na kwashe sukari, na kwashe zumar da Baba ke ɓoyo, da dabino, har maganin tari mai zaƙi na ba da shi. Gwangwanin sukarin na wanke shi da toka, na zuba allura da zare. Fura na hana. Tuwo na mai da shi kamar ƙwan zabuwa. Da safe zogale dafaffe, ba mai, ba ƙuli, a gidan da ake yin mai da ƙuli. Baba, wanda dillalin bisashe ne, ya koma shan shayinsa a kara, kasuwar dabbobi. Ya ji ina kiran abin da sunan da madam ta kira shi, rejim, ya ce shi dai ya ga rejim iri-iri a ƙasar nan, na farar hula da na soja, bai taɓa ganin mai tsanani irin nawa ba.

Na bi maƙwabta gida gida na roƙe su kar wanda ya ba Inna ko ƙwara ɗaya. Duk da haka wata rana ina wanki na ji wani abu mai tauri a bakin mayafinta. Na kwance ƙullin, sai ga ƙwarorin sukari.

Ban sha wahalar gano mai laifi ba. A bakin layinmu akwai butik ɗin Kawu, ɗan shagon kayan masarufi. Taubashin Inna ne, ɗan mace da ɗan namiji suke, tun suna yara ba su gaisawa sai da zagi, kuma bai taɓa iya hana ta komai ba. Dattijo ne mai tsoron Allah, wanda ko sauro zai kashe sai ya yi tunani. Na je na tsaya gabansa na ba shi labarin gwaggon Korahane har ya cire hula ya share goshi.

"Na bari, ɗiyata."

"Rantsuwa za ka yi, Kawu."

Ya rantse ba zai ƙara sayar wa Inna sukari ba. Na ce kyauta hwa? Ya rantse. Na ce bashi? Aro? In ta aiko wani? In ta ce na baƙi ne? Duk ya rantse, wallahi tallahi, yana kallona kamar alƙali ya same shi. Na juya zan tafi sai na tuna na san Inna, na kuma san kaina. Na dawo.

"Ko ni na zo da kaina, Kawu. Ko ina kuka. Ko na ce mutuwa za ta yi. Ita ce za ta sa ni."

Ya rantse a kan wannan ma. Na koma gida ina jin na yi aikin ƴar lakwal, ban bar ƙofa ko ɗaya a buɗe ba.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, unguwa ta watse, Baba ya tafi kara tun da sassafe. Inna ta sha ƙwayarta. Zogalen da na aje mata, daga baya na ji akuya ce ta ci. Ta hau matsa kamar kullum. Hantsi ya ɗaga ina shanya a bayan ɗaki, sai na ji gidan ya yi shiru, ba ƙarar muciya. Na leƙo. Tana zaune a ƙasa ta jingina da turmi, zufa ta jiƙa mata riga sharkaf, hannunta na kakkarwa, tana yi wa akuya magana a hankali, tana tambayarta ya mutanen gida.

Na kira ta, ta dube ni kamar an ɗaga labule ba kowa a baya. Ban san yadda na danna lambar madam ba.

"Tana iya haɗiya?" in ji madam, bayan na gama haɗa magana da kuka.

Na ce tana magana dai.

"Ba ta sukari yanzun nan. Jiƙa shi a ruwa, mai yawa."

Na ce, "Madam, ba ki gane ni ba. Inna ce, mai ciwon sukari."

"Na gane ki sarai. Sukarin ne ya faɗi. Ta sha magani ba ta ci abinci ba, ko? Ba ta abu mai zaƙi, ko mine ne. In ta daina amsawa kar ki ɗura mata komai, ki ɗauko ta a guje."

Na afka ɗaki. Na buɗe gwangwani, allura da zare. Na kwance bakin kowane mayafi da ke kan igiya. Na zazzage jakar Baba. Wallahi na yi aiki mai kyau a gidan nan, ko tururuwa ta daina zuwa mana. Na buga ƙofar maƙwabta biyu, a kulle. Na fita ba takalmi, ba kallabi, sai butik ɗin Kawu.

"Kawu sukari! Inna za ta mutu!"

Ya ɗago daga tasbaharsa, ya dube ni sama da ƙasa, ya gyaɗa kai cike da sha'awa.

"Kai, kwaɗayayyar nan ta iya shiri. Har da cire maki kallabi?"

"Kawu da gaske nake!"

"Haka kinka ce za ki ce."

Na ce lokotoro ce, madam ɗin asibiti, ta ce a ba ta. Ya ce lokotoron da ta hana ita ce kuma ta ce a ba? Na miƙa masa waya, na ga kuɗin kira sun ƙare. Na durƙusa a kan yashi mai zafi na riƙe bakin teburinsa. Ina jin a nan ne ya ga wani abu a fuskata da ba a iya koya wa mutum, don tasbahar ta faɗi daga hannunsa. Ya miƙe, ya kai hannu kan kwalin sukari, sai hannun ya tsaya a iska.

"Na rantse da Allah, ɗiyata. Ba sayarwa, ba kyauta, ba aro. Mi ya rage?"

"Ka yi kaffara!"

"In yi azumi da wanga gyambon cikin nawa? Tsaya, tsaya in yi tunani."

Uwata na can jingine da turmi, Kawu na tunani. Yana ƙirga rantsuwoyin da yatsa, leɓensa na motsi, yana neman ƙofar da na manta ban rufe ba. Can ya ce, "Sata! Ban rantse ba a yi mini sata ba!" Ya juya ya fuskanci bango, ya ɗaga murya kamar mai magana da wani a waje: "Ni dai ba ni ganin kowa. Kwalin nan na hannun dama, wanda ke buɗe, Allah Ya sa kar wani ya taɓa shi."

Na sure kwalin gaba ɗaya na zura da gudu. Ina jin sa a bayana yana cewa "ɓarauniya, ɓarauniya" a hankali, yadda ba wanda zai ji, don dai satar ta tabbata. Sannan ya biyo ni da gudu, butik a buɗe.

Inna ta zame ta kusa kwanciya, amma idonta biyu. Na watsa sukari a kofi, na dama da yatsa, na tallabo kanta. Ta ɗanɗana, sai ta datse haƙora ta kau da kai.

"A'a," ta ce. "Ɗiyata ta hana."

"Inna ni ce. Ni ce na ce ki sha."

Ta dube ni da ladabi irin na baƙo. "Ke ba ki san ta ba. In ta gani kuka za ta yi. Yarinyar nan ko barci ba ta yi saboda ni."

Kawu ya tsaya a bakin zaure yana salati, ba ya iya matsowa, wai kar a ce da hannunsa. Ruwan na zuba a gefen bakinta yana bin wuyanta. Na ji kanta na ƙara nauyi a hannuna. Ban san daga ina dabarar ta zo mini ba. Na sassauta murya, na matsa bakina kusa da kunnenta kamar masu gulma, na ce, "Ta tahi kasuwa. Sha maza kahin ta dawo."

Inna ta waiga dama, ta waiga hagu. Ta kama kofin da hannu biyu ta shanye, har da lashe baki. Na ƙara, ta ƙara. "Allah Shi yi maki albarka," ta ce, "kar ki hwaɗa mata." Na ce ba zan faɗa ba.

Kaɗan kaɗan rawar hannun ta lafa. Na shiga ɗaki in ɗauko kallabi, ina fitowa na tarar ta zauna daidai tana duban Kawu.

"Kai kuma mi ya kawo ka gidan mutane, baƙin marowaci?"

Kawu ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka.

Da la'asar muka koma wurin madam. Wannan karon na saurara har ƙarshe. Ashe ba yunwa aka ce a sa mata ba. Ta ci sau uku, tuwo daidai misali, miya da ganye da yawa, wake, ƙwai, nono ba sukari, ƴar fura jefi-jefi, kar ta sha ƙwaya ta hau aiki ciki ba komai, ta riƙa taka ƙafa da yamma. Kuma kullum ta riƙa yawo da ƙwarorin sukari a jikinta saboda irin wannan rana. Inna ta sa aka maimaita mata wannan na ƙarshen, wai ba ta ji da kyau ba.

Yanzu haka muke. Shayi tana sha ba sukari, tana yamutsa fuska tana zagin wanda ya ƙirƙiro shi. Da yamma mukan taka har bakin gari mu dawo, tana gaba ina baya ina kallon ƙafafunta. Awon sukarin na hawa yana sauka, madam ta ce ana samun ci gaba.

Abin da ya rage a kanta daga ranar nan shi ne wata mata. Ta tuna wata baiwar Allah ta shigo, ta tallabe ta, ta ba ta ruwa mai zaƙi. Fuskar ce ba ta tuna ba. Ta tambayi maƙwabta, kowa ya ce yana kasuwa. Ta tambayi Kawu, ya ce shi bango yake kallo. Ta fi zaton wata Bafillatana ce mai tallan nono daga wajen Ɗan Gulbi, har ta ware mata ƙuli a leda ko za ta sake biyowa. Na buɗe baki in faɗa mata ya fi a ƙirga, sai in tuna yadda ta dube ni ba ta san ni ba, maganar ta koma.

Shekaranjiya muna tsince wake ta sake tayar da zancen matar. Ta ce, "Allah ne Ya taimake ni ba ki kusa. Da ke ce, da sai kin buga ma lokotoro waya kin nemi izini." Ta yi dariya har da buga cinyata. Na taya ta. Sannan na ce bari in duba akuya, na zagaya bayan ɗaki na tsaya ni kaɗai inda ba za ta ga fuskata ba.