Tauren Taubashi

A shekarun da motocin auduga ke yin layi a Funtua, gwaiwa ta kama maigidana. Ta girma har garma ta gagare shi. 'Ya'yanmu mata biyu ne a lokacin, muna kuma roƙon Allah ƙari.

Da aka ce a kai shi asibiti a Malumfashi, tsofaffin ƙauyenmu suka hana. Wai in likita ya buɗe wurin, akwai wata jijiya da yake ɗaurewa, namiji ya tashi garau amma shi da haihuwa har abada. Maigida ya yi ta daurewa. Ran nan ciwo ya kayar da shi a gindin rumbu, ya ce a kai shi, ko me za a ɗaure.

Aka yi aiki, ya dawo yana tafiya a tale. Wurin ya kumbura, ɗinki na ja, an hana shi keke da noma har kaka. Maƙwabtanmu Maguzawa suka yi mana gayya, da kiɗansu, suka nome dawar tas. Ina tuƙa musu tuwo, hankalina na kan maganar jijiyar nan.

Sai ga taubashinsa, ɗan gwaggonsa, janye da taure, bunsurun da aka dandaƙe. Ya ɗaure mana shi a turke.

"Bawana, ga ɗan'uwanka, ku riƙa hira. Ciwonku ɗaya."

Maigida ya so dariya, ɗinki ya hana. Ya dube ni ya ce, "Uwar yara, ba baƙo dusa."

Na ba shi dusa, na ba shi harawa. Kaka ta wuce, maigida ya koma gona, taure ya yi ƙiba, ni kuwa shiru, babu ciki. Ba na faɗa, shi ma ba ya tambaya. Sai da damina ta zagayo, wata safiya na buɗe daddawa, zuciyata ta tashi. Na zauna a kan turmi ina dariya ni kaɗai.

Namiji na haifa. Tauren nan aka yanka mini na jego, maigida ya aika wa taubashi da kan.

Da yamma taubashi ya zo, ya karɓi jaririn, ya juya shi, ya daɗe yana dubawa.

"Kunnuwan nan dai naka ne, bawana," ya ce. "Allah ya raya. Akwai sauran romo?"