Zama a Barandar Malamin Lissafi

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama matata ta rasu. Wajen haihuwa ta tafi, ita da jaririn, lokacin tonon citta. Ina koyarwa a wata sakandare a Kafanchan. Bayan mako biyu na koma aiki, don gidan ya fi ƙarfina. Sai in rubuta darasi a allo, in tsaya ina kallonsa, na manta abin da zan ce.

A ɗakin malamai teburina yana kusa da na wani dattijon Ba'indiye mai koyar da lissafi. Wata rana bayan an tashi ya ce, "Malam, kana samun barci kuwa?"

Na ce a'a. Na gaya masa fasto ya yi mini addu'a, matan zumunta na coci sun zo sun yi waƙa, amma da zarar sun tafi sai muryar matata ta dawo, tana tambayata ko na ci abinci.

"Zo gidana gobe da yamma," in ji shi. "Ba wa'azi zan yi maka ba. Zama kawai za mu yi."

Zaman kuwa muka yi, kan tabarma a barandarsa. Ya ce in rufe ido, in bi numfashina yana shiga yana fita. "Tunani zai zo. Kada ka kore shi, kada kuma ka bi shi. Kai ba baƙin cikin ba ne, kai ne mai kallonsa." Ranar farko kuka na yi ta yi har jirgin ƙasa na yamma ya wuce.

Wata huɗu ina zuwa. Barci ya dawo, na fara cin tuwo. Da na je hutu Fadan Kaje, mamana ta riƙe fuskata ta ce, "Mun gode Allah, ɗana ya dawo."

A can ne, ina wanke fuska da safe, na lura na daɗe ban ji muryar matata ba. Na yi ƙoƙarin tuno ta da gangan. Kalmomin suna nan, amma sautin babu.

Ina komowa na je na sami dattijon. "Ka ce in bar tunani ya wuce. To, ya wuce, ya tafi da ita."

"Haka na rasa muryar ɗiyata," in ji shi.

"To kai ka sami farin ciki?"

"Na sami natsuwa. A da na ɗauka abu ɗaya ne."

Ban sake zuwa ba. Na buɗe akwatin matata, na shanshana zannuwanta, kafur kawai na ji. Na zauna a inda take zama, ina jiran zafin ya dawo, ko da ita za ta biyo shi. Bai zo ba. A ƙarshen shekarar karatu aikin dattijon ya ƙare, ya koma ƙasarsu. Na raka shi tasha, muka yi hirar jarrabawa.

Bayan haka yayar matata ta zo daga Gwantu, ita da ba ta sami biso ba. Ta roƙe ni in gaya mata maganar ƙanwarta ta ƙarshe. Na faɗa mata daga farko har ƙarshe, muryata ko rawa ba ta yi ba. Ta dube ni, ta share hawayenta, ta ɗauki jakarta. Ruwan da na kawo mata ma ba ta sha ba.