Katakon da ke Rataye a Ƙofar Gareji

Kafin kowa ya buɗe shago a layinmu, Baba Mai Tsumma ya riga ya share gaban garejinsa. Sunan ya samo asali ne daga tsumman da ba ya sauka daga kafaɗarsa. Zai jera sifanoninsa a kan benci daga ƙarami zuwa babba, sannan ya taɓa wani guntun katako mai faɗi da ke rataye a ƙusa kusa da ƙofa, kamar mai tabbatar da cewa ba a sace shi ba. Shagon ɗinkina yana kallon garejin, don haka na daɗe ina ganin wannan hali ina dariya. Na taɓa ce masa, "Baba, wai katakon nan na gado ne?"

Ya ce, "'Yata, ki roƙi Allah kada ki ga ranar aikinsa."

A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Hannunsa na dama ba ya iya riƙe sifana yanzu, kuma na san dalili, domin a gaban idona abin ya faru.

Ƙanena yana tuƙa bas mai shan dizal, yana kai yara makaranta, cikinsu har da 'yata. Wata rana ya shigo garejin da wani ɗan gwangwani mai tiyo biyu, sai walƙiya yake yi. Ana ɗaura shi ne a jikin injin ya riƙa tare tururin baƙin mai, don kada ya koma hanyar iska ya yi mata datti. Ya tambayi Baba ko abin yana da amfani.

Baba ya juya shi a hannu ya ce, "Yana da amfani sosai, cikin injin zai daɗe da tsabta. Amma gwangwani ne, cika yake yi. Wa zai riƙa zubarwa?"

"Ni mana, Baba."

"Kai? Kai da ruwan lagireto ma sai ya tafasa kake tunawa da shi? In ya cika, injin zai zuƙe man. Injin dizal kuwa in ya samu baƙin mai, cinsa yake yi, ko ka zare makulli ba zai mutu ba. Yaran mutane kake ɗauka. Ni ba zan ɗaura maka ba."

Ƙanena ya fito yana huci, wai tsohon ya cika tsoro. Ya je wani wuri aka ɗaura masa, daga ranar kuma bai sake leƙa gwangwanin ba.

Bayan wasu watanni, da safe, ya tsaya gaban garejin don a ƙara wa taya iska, bas cike da yara. Ina kan keken ɗinki na ji ƙarar injin ta tashi, ta ƙara tashi, ba wanda ya taka totur. Farin hayaƙi ya turnuƙe layin. Ƙanena ya zare makulli, ya ɗaga shi sama yana kallo, injin kuwa sai ihu yake ƙarawa. Motar tana kakkarwa, ƙofar yara ta cije ta ƙi buɗuwa. Na hango tafin hannun 'yata a jikin gilashi, sannan hayaƙi ya rufe shi. Na miƙe ina ihu, ina kiran sunanta. Masu shaguna suka watse da gudu, wani yana ihu, "Zai fashe! Zai fashe!"

Kai ne, Baba, kaɗai ka nufi motar. Kai ne ka finciko katakon nan daga ƙusa, ka daka wa ƙanena tsawa, "Bar makullin, fitar da yaran ta gaba!" Ka ɗaga bonet, ka cusa hannu cikin injin da ke neman tarwatsewa, ka fizge tiyon iska. A nan fanka ta kama maka yatsu. Mai faci da ke kusa ya ce ko uhum ba ka yi ba, sai ka danna katakon a bakin hanyar iskar da hannun hagu, ka ɗora ƙirjinka a kai. Injin ya rasa numfashi, ya yi tari, ya yi shiru.

Shirun nan ya fi ƙarar ba ni tsoro, sai da na ji kukan yara sannan na dawo hayyacina. An fito da su duka, ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Baba ya naɗe hannunsa da tsumman nan nasa, ya ƙi a kai shi asibiti sai da ya sa ƙanena ya kwance gwangwanin da kansa. Cike yake taf, har mai yana tsiyaya ta tiyo. Bai zage shi ba. Cewa kawai ya yi, "Ka gani? Laifin ba na gwangwani ba ne."

Har yau in mota ta yi ƙara a layin nan, sai allura ta faɗi daga hannuna. Kuma ba zan ɓoye ba, Baba, tafiyarka tana ba ni tsoro. Masu ɗaura duk abin da aka kawo musu suna da yawa, masu kallon direba su ce a'a ne suka yi ƙaranci.

Mun gode, Baba, makanike mai gaskiya. Allah ya saka maka da alheri, ya ba hannun nan sauƙi. Ku kuma masu gyara, ku yi koyi da shi, ku dubi mai motar kafin ku dubi kayan da ya kawo. Direbobi, in za ku riƙa zubar da man da ya taru, ku sa gwangwanin. In ba za ku iya ba, ku bar motar yadda aka ƙera ta.

Jiya na tambayi Baba ko zai tafi gida da katakon. Ya ce a'a, ya riga ya ba ƙanena. Yanzu katakon yana ƙarƙashin kujerar direba. Gwangwanin kuwa ƙanena ya mayar da shi jikin injin, amma kullum da safe 'yata ba ta hawa bas ɗin sai kawunta ya buɗe bonet ya nuna mini gwangwanin babu komai a ciki.