Kusurwar da Wuta Ta Gasa

Kakata Tumba maginiyar tukwane ce, kuma ba ta taɓa yarda akwai wanda ya fi ta sanin wuta a ƙauyenmu ba, har da maƙeri. Ƙauyen yana kan hanyar da ta tashi daga Bukkuyum ta nufi Zugu. Kullum da an sallame magariba sai ta hura 'yar wuta a ƙofar ɗakinta, ta jera ɗanyun tukwane a gefe guda su sha ɗumi, mu jikoki mu jeru a ɗaya gefen. Takan ce mu da tukwanen duk ɗaya ne, ba wanda ya gasu a cikinmu. Tatsuniyarta ba kyauta ba ce, wanda bai tsinto mata kara ba sai dai ya ji daga bayan danga. Kuma ba ta son gyangyaɗi. In ta kama ka, sunanka za ta laƙa wa kura a cikin labarin, gobe kuwa ka shiga uku a wajen yara.

Na ji tatsuniyoyi barkatai a wurin nan, yawancinsu sun bi iska. Guda ɗaya ce ta zauna mini daram, kuma ita ce wadda Kaka ta ƙi ƙarasawa.

Ina da shekara goma lokacin, an gama girbi. Wata Talata da hantsi na saci dankali biyu a buhun Inna, mahaifiyata. Na ɗebi garwashi a ɗan kaskon da Kaka ta gina mini na wasan girki, na lallaɓa ɗakin ajiya inda Baba ya tara harawa da buhunan wake. Ina tsugune a kusurwa ina gashi sai na ji Inna tana ƙwala mini kira. Na tura kaskon bayan damin harawa, da nufin in dawo yanzu-yanzu. Ashe rijiya za ta aike ni. Ina can ina jiran guga na hango hayaƙi ya turnuƙe saman gidanmu.

Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Amma rufin ɗakin ajiya ya tafi, wake da harawa sun zama toka. Ɗakin Inna da ke manne da shi bai kama ba, sai dai hayaƙi ya shige shi ya yi yadda ya ga dama. Bango, gado, kwanukan da ta jera tun na aurenta, komai ya yi baƙi ƙirin. Har tuwo in an tuƙa ƙauri yake yi.

Kafin toka ta huce an sami mai laifi. Sanda, wani makiyayi da rugarsu ke bayan gari tun kafin a haife ni, matarsa ce ke kawo mana nono. Mako guda kafin gobarar shanunsa sun shiga gonar wakenmu, shi da Baba Lawali, ƙanen mahaifina, suka yi cacar baki har aka raba su. Sai ga wani ya ce ya ga Sanda ya wuce ta bayan gidanmu da safiyar ranar. Ya wuce kuwa, don ta nan yake bi da shanunsa kowace safiya ta Allah. Amma shekarun nan ba na tsayawa bincike ba ne. Ana satar shanu, ana tare hanya, tsakanin gari da ruga kowa ya fara kwana da ido ɗaya. Ko ni da nake yarinya na san wanda samarin banga suka je ɗauka ba gaban alƙali suke kai shi ba. Na san abin da ke jiran Sanda, kuma na yi shiru. Tsoro nake ji, tsoron duka, da tsoron idon Baba da ya fi dukan.

Kaka ce ta karɓi ragamar gyara, ba tare da kowa ya naɗa ta ba. Ranar farko aka kwashe toka da gawayi. Ta bi azarar da ta saura ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa da muciya, wadda ta yi amon ganga ta ce a yar, cikinta ya mutu. Tufafi sau uku aka wanke su, aka shanya, amma duk da haka in ka sa hanci hayaƙin na nan. Kwanukan Inna kuwa da toka da yashi muka dirje su, Inna tana dirza tana share hawaye da gefen mayafi. Baba, wanda yake ce wa Kaka Iya, ya gaji da ganin baƙin bango.

“Iya, a bari a yaɓe shi hakanan, mu huta da ganin abinga,” in ji shi.

“Ba a yaɓe bisa kunkunniya,” ta ce. “Laka ba ta kama ta. Ruwan hwari na sauka shi zubo maka da ita, baƙin shi hito kamar jiya anka yi gobarar. A kankare har a iske ƙasa mai rai.”

Ta raba mana tsingaro, kowa da gefen bangonsa. A rana ta uku ta nuna mini kusurwar nan ta ɗakin ajiya da baki, ta ce nan ne rabona. Na durƙusa ina kankara. Ko'ina a ɗakin in aka cire baƙin, ƙasa ce ta bango ake tararwa, mai laushi kamar gari. Tawa kusurwar kuwa ja ce jawur, ga tauri, tsingaro na taɓa ta tana ƙara kamar gindin tulu. Kaka ta zo ta tsaya a kaina. Ta ƙwanƙwasa wurin da bayan yatsa. Ta sunkuya ta tona sauran tokar da ke ƙasa, ta ciro wani abu ta ƙulle a bakin zanenta. Ta dube ni sau ɗaya, ta wuce. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da la'asar na ji ta tana gaya wa su Baba. “Wutag ga daga ciki tat tashi, daga ƙasa. Nan tad daɗe tana ci, shi as sa bangon yag gasu. Ni na san ƙasar da wuta tal lasa da wadda taz zauna ma.”

Baba Lawali ya yi dariyar da ba ta daɗi ba. “Ba ga taga nan ba? Ta nan yaj jeho ta. Iya, ki tsaya ga tukwanenki, wagga magana ta maza ta.” A nan na ji sun tsayar da shawara: in an yi isha'i za a tafi rugar.

Tun ranar gobarar ba a sake tatsuniya a gidan ba, ba mai son ganin harshen wuta. Amma yammacin nan, ana sallame magariba, Kaka ta hura wutarta kamar ba abin da ya faru. Ba ta ko tambayi kuɗin shiga na kara ba. Muka zauna. Daga waje muna jin babura suna tsayawa a ƙofar zaure, ɗaya, can wani, can wani.

“Ga ta nan tahe, ba ta da niyyar daɗewa,” ta ce. Muka amsa mata ciki-ciki.

Ta ce wai a wani gari na dabbobi akwai rumbu guda da kowa ke zuba hatsinsa. Wata rana Gafiya ta sato gyaɗa, ta ja garwashi zuwa bakin raminta da ke ƙarƙashin rumbun don ta gasa. Aka kira ta, ta manta, rumbu ya ƙone ƙurmus. Da aka taru ana neman mai laifi, sai Kare ya ce ai ya ga Balbela ta gifta ta saman rumbun. Kowa ya ce lallai ita ce, ba 'yar gari ba ce, bin shanu take yi, kuma dubi yadda take fara fat alhali kowa ya yi baƙi. Aka ce in rana ta faɗi za a je a fige ta. Sai aka kira tsohuwar Zanzaro, mai gini da laka, ta gyara rumbu. Zanzaro ta ce ita ba ta yaɓe a kan baƙi. Ta yi ta kankara har ta iske jar ƙasa, a daidai bakin wani rami. Ta faɗa wa jama'a, suka ce ke da wannan siririn ƙugun naki wa zai ji maganarki.

Kaka ta tsaya ta gyara itace. A zaure wani ya tayar da babur ya kashe, na ji muryar Baba Lawali tana tashi.

“Rana na ta sauka,” ta ci gaba. “Kare na wasa haƙora. Balbela na can bakin ruwa tana cirar kaska ga shanu, ba ta san komi ba. Gahiya ko na cikin rami, tana jin duk abin da aka cewa.”

Nan ta tsaya. Muka jira. Ƙanena ya gaji ya ce, “Kaka, sai mi?”

“Daga nan ban da sani,” ta ce. “Sauran na ga bakin Gahiya.”

Aka fara kiran sallar isha'i. Kaka ta miƙa hannu ta ɗebo ruwa a randa cikin kwanon sha, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. “Balki, tashi ki kai ma ubanki ruwa zaure.”

'Ya mace ba ta shiga zaure in maza sun cika, sai da dalili. Dalilin ke nan ta ɗora mini a hannu. Tsakanin wutar Kaka da zaure bai fi taku ashirin ba, amma kafin in kai rabin ruwan ya zube a zanena. Na tarar da maza wajen goma, ga gorori, ga bindigogin gida biyu jingine da bango. Na durƙusa na miƙa wa Baba kwano. Ya sha, ya ajiye. Ban tashi ba.

“Tashi ki shige, mi kika jira?” in ji Baba Lawali.

“Baba, ni ta,” na ce.

“Ke ta mi?”

“Ni nis sa wutar. Dankali nig gasa, nib ɓoye kasko bayan harawa.”

Baba Lawali ne ya fara magana. “Tsohuwa ta tak kitsa mata. Yarinya mi tas sani?” Wasu suka gyaɗa kai, wani har ya miƙa hannu ga gorarsa. Na ga maganata za ta faɗi ƙasa banza, na fashe da kuka.

Sai ga hannun Kaka ta ƙofar cikin gida. Ba ta shigo ba, hannun kawai ta zuro, ta ajiye ɗan kasko a ƙasa ta turo shi. Ya yi baƙi, bakinsa ya ɓalle, amma duk gidan an san kaskona. A ciki ga dunƙule biyu kamar gawayi. Baba ya ɗauki ɗaya, ya haska tocila, ya fasa da babban yatsa. Can tsakiya sauran farin dankali na nan. Ya daɗe yana kallonsa. Wani dattijo a gefe ya yi salati a hankali.

“Jama'a, ku yi haƙuri,” in ji Baba. “Ku tashi mu yi salla, kowa shi koma gidanai.”

Ina durƙushe na ji baburan suna tashi, kowane ya nufi cikin gari. Na kasa kunne ko wani zai yi hanyar ruga. Babu wanda ya yi.

Duka kam na sha shi a hannun Inna, kuma har yau ban ce an zalunce ni ba. Kwana biyu bayan haka aka zo kwaɓa laka, ana bukatar kashin shanu don ta yi danƙo. Ba wanda ya aika masa, sai ga Sanda da jakinsa ɗauke da mangala cike, kamar yadda ya saba yi wa duk mai gini a garin. Ya yi wa Baba jaje, ya sauke kaya. Baba Lawali ya sulale ta bayan gida. Baba ya yi ta godiya idonsa a ƙasa. Da kashin shanun Sanda aka yaɓe ɗakin, har jar kusurwata, aka shafa farar ƙasa. Damina ta zo ta wuce, baƙi bai ɓullo ko'ina ba.

Bayan 'yan shekaru abubuwa suka ƙara lalacewa. Su Sanda suka tashi ban san inda suka nufa ba, mu ma daga baya muka dawo Gummi. Kaka ta rasu a nan. Inna takan ba baƙi labarin nan don ta nuna 'yarta mai gaskiya ce tun tana ƙarama, ni kuwa kunya ke rufe ni. Na san kwana uku na yi ina dirzar kwanuka da ran mutum a bakina, kuma ba don kwanon ruwan nan ba, Allah kaɗai ya san ko da na tashi. Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, kaskon yana ƙulle a zanen Kaka tun kafin la'asar. Tana iya ajiye shi a gabansu ta huta. Ta bar ni ne in kankare nawa da hannuna, ita kuma ta tsaya a bayan ƙofa ko da zan gaza.

Ranar da aka gama shafe ɗakin, da aka koma gaban wuta, na yi ƙarfin hali na tambaye ta yadda tatsuniyar ta ƙare.

“Gahiya ta sha kashi,” ta ce, tana juya ɗanyen tulu. “Balbela ta koma bin shanunta.”

“Shi ke nan?”

“Mi kika so hwa? Balbela na da rai.”