Kafintan da Ake Roƙa a Juye

Duk ƙofar da ka tura a layin nan ta ƙi buɗewa, to ja ta za ka yi, aikin Bauɗe ne. Kafinta ne na gaske, amma Allah ya yi shi da ƙin bin jama'a. Ƙofar kowa ciki take buɗewa, tasa waje. Goshin maƙwabta da yawa ya kumbura kafin a saba. Ranar da kafintoci suka koma zarton lantarki, shi ya je ya sayo na hannu har guda biyu.

'Yarsa ta fari, malamar Turanci, ta taɓa gaya masa cewa Turawa suna kwatanta irinsa da mai iyo yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa, wato wanda ya ƙi bin inda kowa ya nufa. Ya ce, "Ƙarya suke. Ni ko iyo ban iya ba."

Matarsa kuwa tun shekarar farko ta gano lagonsa. In tana son abu, akasinsa take roƙa. "Maigida, kada ka taɓa kujerar nan, ta fi kyau da ƙafa uku." Kafin la'asar kujera ta samu ta huɗu. Ta ce karatun 'ya'ya mata ɓata lokaci ne, ya kai duka ukun har jami'a. Shekara talatin da biyu ta yi tana tuƙa gidan nan da baya, kuma a ranta tana jin babu mai wayonta.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Guduma ta koma sauka a kan babban yatsansa. Wata safiya ya tsaya ya gaisa da katakon da ke jingine, har yana tambayarsa iyali. Likita ya ce ko a yi aiki, ko cikin 'yan watanni ya makance.

Matar ta tara 'ya'yan da ƙanin mijin a tsakar gida, ta koya wa kowa abin da zai faɗa. Da Bauɗe ya zauna shan shayi, ƙanin ya ce, "Yaya, asibiti ba wurin zuwa ba ne." 'Yar fari ta ce, "Baba, ai ido ɗaya ma ya yi maka yawa." Ita kuma ta rufe da cewa, "Ni dai ban yarda ba. Kada ka kuskura ka je."

Bauɗe ya kurɓi shayi, ya gyara zama. "To, na ji maganarku. Ba zan je ba."

Kwana huɗu tana ƙara wuta, ta zagi likita, ta zagi asibiti, shi kuwa sai gyaɗa kai yake yana cewa ta yi gaskiya. Tsoro ya kama ta sosai, dabarar da ta riƙe gidanta da ita ta ƙi ci a ranar da ta fi buƙata.

Rana ta biyar ta same shi a shago yana laluben kusa a kan benci, ga kusar nan dab da hannunsa. Ta ɗauka ta miƙa masa, hawaye ya ƙwace mata.

"Maigida, don Allah ka je. Ina tsoro. Ba na son ka daina ganina."

Ya ajiye gudumar, ya kakkaɓe garin katako daga rigarsa. "Ke dai! Shekara talatin da biyu ina jira ki roƙe ni abu ɗaya a miƙe. Kin zaci ban san kujera mai ƙafa uku ba ta zaunuwa? Ɗauko min hulata."

A asibitin ya bi ta ƙofar da mutane ke fitowa, yana cin karo da kafaɗunsu. Ba ta hana shi ba. Ta kama hannunsa ta bi shi.