Likitan da Ya Auna Rago

Duk wanda ya taɓa zuwa ɗan asibitinmu na Unguwar Rogo ya san marigayi Likita Sahabi da alƙalamin kara yake rubuta magani, ga kwalbar tawada a gefe kamar mai rubutun sha. Mutumin da ya yi karatu har Ingila. Ni Ummaru mai yankan kati, da ilimina na elementare aji uku, na sha jin kunya a madadinsa.

Zamanin soja ne, kuɗin mai sun ɓarke, 'yan tallan kamfanonin magani suna ta sintiri da jakunkuna. Likitocin gari wannan ya samu firji, wancan fanka. Namu ko biro ba ya taɓawa.

Na ce, "Likita, biro ne fa kawai."

Ya ce, "Ummaru, biron kamfani sunan ubangidanai kaɗai ya iya rubutawa."

Wani ɗan talla mai ƙaton nakatai a wuya ya kawo kalanda mai hoton maganin ƙarin jini. Likita ya karɓa hannu biyu, har na fara murna ya shiryu. Washegari na sayi ƙosai, aka naɗe min a cikin shafin watan Maris.

Ana saura kwana huɗu babbar salla ɗan tallan ya dawo da rago, fari tas, ya kusa maraƙi. Bai nemi Likita ba, ni ya nema. Buƙatarsa ƙarama ce: in riƙa raɗa wa masu zuwa yankan kati su roƙi maganin nan nasa na jar kwalba. Na dubi rago, rago ya dube ni. Na kai shi gida.

Kwana biyu sai wata tsohuwa daga Dundaye ta ce, "Likita, mai kati ya ce in roƙi na jar kwalba. Har na sai da gerona."

Ya kira ni. 'Ya'yana bakwai, ba gona, ba sana'a. Na ba da labari duka, na tsaya jiran kora.

"Yanke kati."

"Na wa, ranka ya daɗe?"

"Na rago. Tahi ka kawo shi."

Wallahi gaban jama'a ya ɗora masa abin awon ƙirji, ya saurara, ya girgiza kai.

"Wanga rago geron tsohuwa ya ci. Maganinai guda, shi koma Dundaye. Ke kuwa Inna, zogale da hanta sun ishe ki. Ga hantar nan na biye da ke."

Ni na ja shi a ƙasa har can, kati rataye a wuyansa, tsohuwa bisa jaki tana yi min faɗa wai ina wahalar mata da rago.

Ranar salla gidana shiru. Da azahar sai ga cinya guda daga gidan Likita, da takarda: "A ci sau uku a rana. Jibi ka zo aiki da wuri."

Da ya rasu iyalinsa suka ba ni alƙalamin. Da shi na rubuta wannan, shi ya sa na kasa ɓoye laifina. Allah ya jiƙan Sahabi, ya sanyaya makwancinsa, ya rufa masa asiri yadda ya rufa wa 'ya'yana.